Baƙuwar da Ta Zo Gaisuwar Yakaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku, har da na masu yi min habaici wai na ja musu rai na ɓace. Ba jan aji ba ne. Rasuwa aka yi mana, kakata Yakaka ce Allah Ya yi wa cikawa, kuma tun ranar na kasa zama in rubuta abu mai ma'ana. Ga waɗanda suka shigo yanzu, sunana Raudha, 'yar Fagge ce ni, labarin da nake ba ku kuma nawa ne ni da Hamzat, saurayin da Baba ya ce ba zai ba shi ni ba. Amma yau ku yi haƙuri, Yakaka ce za ta shiga gaba, don ko da ranta ba ta yarda ta bi bayan kowa a hanya.

Ita ta haifi Baba. Babarbariya ce, tana amarya aka kawo ta Fagge, amma kafin ta yaye ɗan fari ta fi 'yan gari sanin gari. Dillancin atamfa take yi. Ta ɗebo a Kantin Kwari, ta ƙulle a zani, ta ɗora a ka, ta bi gida gida da goyo a baya. Matan unguwarmu iyakarsu Fagge da cikin birni, ita kuwa har Sabon Gari take kutsawa, gidajen haya masu ɗakuna a jere, ta zauna da Yarbawa da Ibo da mutanen kudancin Kaduna ana ciniki ana dariya. Gaisuwar kowane yare ta iya. In ta tsaya ciniki da mai kifi da Yarbancinta mai karyayyen baya, ni kunya ke kama ni, ita kuwa sai an ƙara mata gyara take tafiya.

Da Baba ya yi shago a Kwari ya ce ta huta haka nan, ya ɗauke mata komai. Ta ajiye ƙunshin atamfa, ba ta ajiye yawo ba. Suna, biki, dubiya, sulhun ma'aurata, rakiyar mai naƙuda asibiti, duk da ita. Ya ɗaukar mata mai adaidaita sahu na musamman, ba ta yi wata da shi ba ta sallame shi.

"Yaron nan ba shi da tarbiyya," ta ce da Baba. "Ina ganin mutane a hanya yana wuce su."

"Yakaka, ai ba kowa za a tsaya a gaisar ba."

"To ka shiga abinka. Ni ƙafata tana da birki."

Haka take. Ta yafa lafaya, ta shafa humrar da take haɗawa da hannunta, ta zura silifas ɗin roba da ta ƙi yarda a sauya mata, sai dai ka ji ƙamshinta a zaure ka san ta fita. Ni da ita kuwa kullum cikin tsiya muke. Ta ce min mai ƙafa kamar tsinken tsire, in ce mata gwamnatin Fagge. A ɗakinta nake kwana tun ina firamare, tare muke cin ɗumame, ita ke tsefe min kai tana mitar wai gashina na 'yan rowa ne.

Akwai wata al'ada tata da duk zuriyarmu ta sani. Duk wanda ya zo neman aure a gidanmu, kafin manya su shiga magana, sai an kai shi ɗakinta ya durƙusa. Mu jikoki muna ce wa abin kotun Yakaka. Ba ta tambayar aikinka ko abin da kake samu. Ta zuba maka shayi mai kanumfari, ta zuba maka ido, sannan ta fara: wace ce uwarka, a wane gida aka haife ka, su wa kuka zauna da su, wa ya yi wa uwarka wankan jego. Mijin yayata sai da ya fita waje ya kira gida a waya ya sake shigowa, gumi har cikin hula. Mu muna bayan labule muna ƙyaƙyatawa. Na taɓa ce mata gulma ce kawai take so.

"Ke dai yarinya ce," ta ce. "Na zaga garin nan da yawa. Dole in san wa nake haɗawa da wa."

Ban sa maganar a ka ba, na ɗauka irin zancen tsofaffi ne.

To kun san matsalarmu da Baba. Hamzat a Sabon Gari aka haife shi, iyayensa Yarbawa ne Musulmi, shagonsa na buga katin biki da kalanda yana Titin Ibrahim Taiwo. Hausarsa ta fi tawa, in yana karin magana sai ka rantse a Yakasai ya tashi. Amma Baba da ya ji bayani sai ya ce, "Ban ce ba Musulmi ba ne. Ba mu san asalinsa ba." Daga nan ya rufe maganar, ya ce kada ya sake ganin motarsa a layinmu. Ni kuma tsoro ya kama ni. Na ce in Yakaka ma ta yanke hukunci irin na ɗanta, shi ke nan, babu ɗaukaka ƙara. Sai na yi dabara irin ta marasa wayo, na ɓoye mata shi. Na roƙi Umma da Gwaggo kada su kai mata zancen. In ta tambaya in ce sunansa Hamza, ɗan Titin Ibrahim Taiwo ne. Baba shi ma bai kai mata ba, don ya san in ta shiga magana ta fi ƙarfinsa.

Shekara biyu ina ce mata sai gobe. Shi kansa Hamzat ya gaji da roƙona.

"Ki kai ni wajen tsohuwar nan mana," ya rubuto min kwanakin baya. "Na iya durƙuso, gwiwata lafiyarta lau."

"Ba ka san ta ba ne. Za ta tambaye ka har sunan akuyar kakarka."

"Sunanta Ɗan-baiwa. Sai me kuma?"

Na tura masa hoton dariya na sauya zance. Da ma a ce a ranar na ce masa ya taho.

Ranar da za ta rasu lafiyarta lau ta tashi. Ta share tsakar gida duk da akwai mai aiki, ta yi wa Umma faɗan an bar tukunyar shayi babu murfi, ta shirya za ta suna. Lafaya ruwan zuma ta saka, tana gyara ta a gaban madubi, ni ina kwance a gadonta ina danna waya.

"Ƙawata, yaushe za ki kawo min mijin nawa in gan shi?"

"Bayan Sallah, Yakaka."

"Wace Sallar? Wannan Sallar taki ba ta zuwa."

"Za ta zo."

"Ke kika sani. Ni dai ba ajiye ni aka yi ba." Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa. "Tashi ki raka ni bakin titi mana."

Na ce rana ta yi zafi. Ko ɗago kai ban yi ba, 'yan uwa. Hira nake da Hamzat a kan kalar labulen da za mu saka a falon da babu shi. Na ji ƙarar silifas ɗinta har ta fita zaure.

Ta dawo da la'asar da ledar cincin da dubulan, ta raba wa yara, ta yi alwala, ta zauna a kan darduma ta ce kanta yana juyawa. Kafin Kawu Abdulnasir, autanta, ya juyo da mota, rai ya yi halinsa. Matar da ba ta taɓa kwana asibiti ba, ko a tafiyar ƙarshe ba ta jira an kai ta ba. Washegari da hantsi aka kai ta makwancinta. Layinmu bai ɗauki mutane ba, sahu har bakin titi. Mu mata muna ciki muna jin salati yana nisa, ina rungume da lafayar da ta cire, ƙamshin humrarta yana nan kamar yanzu za ta shigo ta ce wa ya taɓa mata kaya. Na yi kuka har muryata ta dushe, kuma rabin kukan na rakiyar nan ce da na hana ta.

Hamzat ya zo jana'iza. Bai gaya min zai zo ba, bai kuma nemi kowa ya san da shi ba. Gwaggo Huseina, yayar Baba, ita ta ja ni gefe washegari ta raɗa min abin da Kawu ya faɗa mata: wai ya kama makara tun daga ƙofar gida, har maƙabarta in an karɓe shi ya sake komawa, kuma da aka gama ya tsaya yayyafa ruwa da 'yan gida, farar shaddarsa duk jar ƙasa. Baba ya gan shi.

"Me ya ce?" na tambaya.

"Bai ce komai ba. Amma da yaron ya miƙa masa hannu ya riƙe ya ɗan jima. Kin san ubanki, wannan ma magana ce."

Ba zan yi muku ƙarya ba, a cikin makokin nan zuciyata ta yi wani sanyi, har na ji kunyar kaina. Na ce ko a mace Yakaka tana gyara min al'amari.

Ranar sadakar uku da safe saƙonsa ya shigo: "Zan kawo Mama Rebeka ta yi wa su Umma gaisuwa. Ba ni da uwar da ta wuce ta."

Mama Rebeka maƙwabciyarsu ce tun yana jariri, Kirista ce 'yar wajen Zonkwa, tsohuwar malamar firamare. Mahaifiyarsa ta rasu yana aji uku, mahaifinsa direban babbar mota ne ba ya zama, don haka a ɗakin Mama ya ci ya sha ya girma, ita ke tashinsa sahur da azumi. Na sha zuwa gaishe ta a Sabon Gari, tana ce min amaryarmu. Nan da nan na kira ta.

"Mama, in kin shigo ki ɗan saka mana baki wajen Gwaggo. Ki faɗa musu halinsa. Ita Baba yana jin maganarta."

"Ki bar min wannan, 'yata. Ni na raine shi, na san abin da zan faɗa."

Da hantsi suka iso. Shi ya tsaya waje cikin maza a can ƙarshen rumfa, ita na shigo da ita. Ta saka atamfa mai duhu, ta ɗaura kallabi, ta yafa farin gyale don girmamawa. Tsakar gida cike da mata, ana ta raba gumba da waina, wasu na jan carbi. Na kai ta ɗakin Yakaka, inda Gwaggo da Umma suke karɓar gaisuwa. Ta durƙusa da kyar saboda gwiwa.

"Sannunku da rashi. Ubangiji Ya ta'azantar da ku, Ya ba ku haƙuri."

Aka amsa, aka yi mata godiya. Na kawo mata ruwa. Tana ɗaga kofin idonta ya sauka a kan hoton da ke jikin bango, wanda Yakaka ta ɗauka shekarar da ta sauke farali, tana murmushi haƙorin Makka a waje. Mama ta ajiye kofin ba ta sha ba. Ta miƙe, ta matsa kusa, ta gyara tabarau.

"Wannan ce ta rasu?"

"Ita ce," in ji Gwaggo. "Mahaifiyarmu."

"Mama Atamfa," ta faɗa a hankali. Sai hawaye. "Ashe a Fagge take. Shekara talatin ina cigiyar matar nan. Da muka tashi daga tsohon gidanmu muka rabu, lokacin babu waya. Raudha, ashe jikarta ce ke, ba ki taɓa faɗa min ba."

Gwaggo ta matsa mata a kan katifa, ta ce ta zauna ta ba su labari. Tun ranar rasuwar haka ake ta yi, kowa ya zo da nasa: wadda Yakaka ta biya wa kuɗin magani, wadda ta mayar ɗakin mijinta, wadda ta yi wa wankan jego kyauta. Ni kuwa daɗi ya cika ni. Na ce ga hanya ta samu, tunda har sun san juna.

Mama ta share ido da gefen gyale ta fara.

"Gidanmu take kawo kaya, da ɗanta a baya, wani jariri mai ƙaton kai."

"Abdulnasir ke nan," in ji Gwaggo, har aka ɗan yi dariya.

"To a lokacin maƙwabciyata ta haihu, ciwo ya kama ta, aka kwantar da ita asibiti. Aka bar min jariri. Ni ban taɓa haihuwa ba, ban san ta kansa ba. Madarar gwangwani in na ba shi sai ya amayar, ya rame, kuka har ba ya fita. Ran nan matar nan ta shigo da ƙunshinta, ta ji, ta ce yaron wa ake kashewa a gidan nan. Na faɗa mata. Sai ta sauke kaya, ta kwance nata ɗan ta miƙo min, ta ce miƙo shi nan. A bakin ƙofata ta zauna ta ba shi nono har ya yi barci. Daga ranar kullum sai ta biyo, ko ba ta da kayan sayarwa, har uwar ta warke ta dawo. Ko sisi ba ta karɓa ba. Da uwar ta matsa mata, cewa ta yi a sayi atamfa."

Wata tsohuwa a gefe ta ce, "Halinta ne. Allah Ya kai haske kabarinta."

Mama ta juyo ta kalle ni da murmushi, irin na wanda ya zo da babban albishir. Har ta ɗan kashe min ido, sannan ta dubi Gwaggo.

"Hajiya, kun san wane ne jaririn? Yana waje yanzu haka. Hamzat ne, mai neman 'yarku. Kun ga ikon Ubangiji? Ana cewa ba a san shi ba, alhali nonon gidan nan ya sha ya rayu. Ai ɗanku ne tun asali. Don Allah ku ba shi, gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa?"

Wata mai jan carbi ta tsaya. Umma ta sunkuyar da kai ta dafe goshi. Ni da farko murmushin ma ban gama sauke shi ba, sai da na ga fuskar Gwaggo sannan abin ya iso min. Wanda ya sha nonon kakata ɗanta ne. Ƙanin Baba ne. Baffana ne, kamar Kawu Abdulnasir, babu aure tsakaninmu har abada. Abin da ake koya mana tun a Islamiyya, na haddace na ci jarrabawa da shi.

Mama ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Na yi ɓaranɓarama ne?"

"A'a, baiwar Allah," in ji Gwaggo. "Gaskiya kika faɗa, kuma kin taimake mu. Ke dai ba ki san hukuncin a wajenmu ba ne." Ta yi mata bayani a taƙaice. Na ga lokacin da Mama ta gane. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta ce, "Wayyo yarana." Wallahi sai na ji tausayinta ya fi nawa, don ni na ce ta yi magana, ita kuma mafi kyawun abin da ta sani ta ɗauko.

Gwaggo ta aika a kira Baba. Ya shigo da jallabiyarsa ruwan toka, idonsa jajir saboda rashin barci, ya tsaya daga bakin ƙofa. Aka maimaita masa. Ya tambayi Mama sunan layin, da shekarar, da ko da idonta ta gani. Ta ce a kan tabarmarta aka yi, kuma akwai wata matar gidan da ke raye har yanzu, ita ma ta gani. Ya juya wajen Gwaggo.

"Yaya, kin tuna tana cewa muna da ƙani a Sabon Gari?"

"Na tuna. Na ɗauka irin nata ne, kowa ɗanta ne."

"Ni ma haka."

A nan na gane kotun Yakaka. Ba gulma take ba. Ta san inda ta zauna da 'ya'yan da ta ɗauka, tana tsoron ranar da jininta zai haɗu da nononta ba a sani ba. Tambaya ɗaya za ta yi masa, wace ce uwarka, magana ta ƙare tun muna iya rabuwa mu yi kukan sati mu warke. Da ta ga ɗan da ta raya ya zama mutum, da ta rungume shi, da ta yi masa tsiyar rashin zumunci. Na hana ta, na hana shi, na kuma ja mu duka biyu muka yi nisan da ban san ta inda ake dawowa ba.

Na zaci Baba zai yi faɗa, ko ya ce ai da ma ya faɗa. Bai yi ba. Sai ya kira sunana da wata murya da rabon da in ji ta tun ina ƙarama.

"Raudha."

"Na'am, Baba."

"Ki yi haƙuri, kin ji? Wannan ba ni na hana ba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Yana ina?"

"Yana waje, ƙarshen rumfa."

"Kira shi. Ki ce ya taso daga cikin baƙi ya dawo kusa da ni da Abdulnasir. Uwarsa ce ta rasu, shi ma gaisuwa za a yi masa."

Na fito tsakar gida na raɓe bayan tankin ruwa, na danna lambarsa, lambar da na fi sani a duniya. Bugu ɗaya ya ɗauka, ya rage murya saboda mutane.

"Amaryata, ya ake ciki? Mama ta yi mana aikin?"

Na buɗe baki, na rasa da wane suna zan kira shi.